Gizagon da Na Sayo a Mafaza

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na je Mafaza sayen gizago. Shekaru sun ja, furfura ta ci rabin gemuna, amma har yau idan wani saurayi ya tsaya bakin rumfata a kasuwar Gadarif, nan ƙasar Sudan, ya tambaye ni inda ake sayen kayan sassaƙa masu kyau, ranar nan ce take fara faɗo mini a rai. Sai in yi murmushi kafin in ba shi amsa, shi kuma ya ɗauka ko raina shi na yi. Ba raini ba ne, tuna kaina nake yi.

Ni ba a sassaƙa na tashi ba. Kamar yawancin samarin unguwarmu, lebura ne ni a manyan gonakin Simsim, waɗanda muke kira mashru. Damina ta faɗi mu tafi noma, kaka ta yi mu koma yankan riɗi da dawa, mu yi watanni muna kwana a bukkar kara, ba mai ganin gida. Na yi wannan rayuwa har na yi aure na haifi 'ya'ya, ban taɓa jin ta dame ni ba sai wata shekara da na dawo daga yankan riɗi. Na shigo gida da ƙura har gira, na miƙa wa ƙaramar 'yata hannu, yarinya ta ƙwalla ƙara ta ruga bayan uwarta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar na ƙudura a raina sai na nemi sana'ar da zan yi da rana in dawo gidana da yamma.

A layin masu katako akwai wani dattijo mai yin angarib, gadon nan namu na itace da ake saƙa wa igiya, da bambar, wato 'yar kujerar da mata ke zama a kai a bakin murhu. Kowa usta yake ce masa, wato gwanin sana'a. Abokin marigayi mahaifina ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Na same shi na faɗa masa bukatata. Ya ce akwai gurbin mutum ɗaya a rumfarsa, amma wani ɗan'uwan matarsa ma yana nema, kuma shi ba ya son a ce ya yi son kai ko ta wane ɓangare. Saboda haka ya sa mini sharaɗi: in zauna in koya duk daminar nan, in nemi kayan aikina na kaina, kuma kafin motocin mashru su zo kwasar masu yankan riɗi in sassaƙa bambar guda da hannuna, wadda ƙafafunta huɗu za su zauna a ƙasa ba tare da ta yi rawa ba. In na yi, gurbi nawa ne. In ban yi ba, in hau mota tare da abokaina, ba fushi ba gaba.

A nan dole in faɗi wani abu game da kaina. Bahago aka haife ni. Ina ƙarami Inna ta yi fama da ni sosai a kan haka, har takan naɗe mini hannun hagu da zane lokacin cin abinci don in saba da dama. Ba mugunta ba ce, tsoro take yi kada a yi mini gori a cikin mutane, ko in miƙa wa babba abu da hagu a ce ba ta yi tarbiyya ba. Ta kuwa yi nasara. Na girma ina ci da dama, ina gaisawa da dama, ina rubutun allo da dama. A mashru kaɗai hagu take samun sakewa, domin a tsakiyar gonar riɗi ba wanda ke da lokacin kallon hannun wani, kuma da ita nake riƙe lauje har ana sa ni cikin masu saurin yanka. Amma a gaban usta, abokin ubana, ko a mafarki ban yi tunanin ɗaga ƙarfe da hagu ba. Yadda ya riƙe gizago haka na riƙe, yadda ya tsaya haka na tsaya. A ganina ladabi ke nan, kuma haka ake koyon sana'a.

Aiki fa ya ƙi. In kai sara nan, bakin gizago ya sauka can. Itacen bagaruwa ba ya yafe kuskure, in ka ci shi fiye da kima ba mai mayar maka. Ƙafar bambar da usta zai fere kafin shayinsa ya huce, ni sai in wuni a kanta, a ƙarshe ta fito ɗaya ƙugu ya fi ɗaya. Usta yakan ɗauka ya jujjuya, ya ajiye a kan tarin itacen wuta bai ce komai ba. Da ma zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Da yake a lokacin da tsohon gizagon aro nake aiki, sai na ɗora masa laifi gaba ɗaya. Na shiga kasuwa neman na kirki, kuma a nan ne na gane kowane mutum a Gadarif malami ne a kan kayan sassaƙa, har wanda bai taɓa fere tsinken sakace ba. Wani ya ce in je shagunan da ke sayar da kayan gini, can ake samun na waje masu ƙyalli a cikin leda. Na je na sayi guda, ƙotarsa ja kamar an shafa mata lalle, ya yi kyau a ido amma a hannuna bai canza komai ba. Wani ya ce ai sabo ba ya aiki, in je wajen masu baza tsofaffin ƙarafa a ƙasa, in nemi na zamanin da. Na tsuguna cikin tsatsa na tono wani mai nauyi kamar guduma, shi kuma kafaɗa ya kusa cire mini. Na sayi magagari na wasa, na sayi dutsen washi na wasa, har bakin ya koma aske gashin hannu. Bambar dai ta ci gaba da rawa.

Maiɗakina mace ce mai haƙuri, amma bakinta ba ya haƙuri. Wata rana ta ga na shigo da wani sabon ƙarfen a naɗe a takarda, ta dube shi ta dubi na baya da ke jere a gindin bango, ta tambaye ni ko na fasa sassaƙa ne na koma dillancin gizago, don ta san abin da za ta riƙa faɗa wa maƙwabta. Na yi fushi na ƙi cin abinci, daga baya yunwa ta sasanta mu. Ta fi ni sanin abin da ke gabanmu, don ita ce za ta sake zama da yara ita kaɗai in na koma mashru.

Ruwa ya fara ɗaukewa, riɗi ya fara yin rawaya, wakilan masu gona suka fara yawo a unguwa suna neman ma'aikata. Abokaina na da suna tsokanata, wai sun ajiye mini wuri a bayan mota kusa da buhun gari. Ɗan'uwan matar usta kuma ya fara zuwa rumfa yana zama, yana gaishe ni da fara'ar da ba na so. Gaskiya na tsorata. Wata safiya na kasa daurewa na tambayi usta inda ya sayi nasa gizagon, wanda ƙotarsa ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda daɗewa. Ya ce a Mafaza, wajen wani maƙeri da ke bayan kasuwar dabbobi, in har yana raye. Ya ƙara da cewa mutumin ba ya sayar wa ɗan aike, sai mai aikin ya je da kansa.

Ranar kasuwar Mafaza na bi wata tsohuwar mota mai ɗaukar kaya da mutane tare. Baƙar lakar nan tamu ba ta gama bushewa ba, muka sha sauka muna turi, na isa da hantsi wandona ya yi nauyi da taɓo har gwiwa. Na bi ta gefen kogin Rahad, ruwa na nan jawur, na ratsa masu awaki da raƙuma, ƙarar masaba ce ta kai ni maƙerar ba sai na yi tambaya da yawa ba.

Maƙerin tsoho ne siriri, Bahaushe irinmu, idonsa ɗaya ya yi fari. A gefen rumfarsa an jingine tsofaffin faya-fayan garmar tarakta da suka gama aiki a mashru, daga cikinsu yake yanko ƙarfen da yake ƙera gatari da gizago. Na yi dariya a zuci, na ce ashe ni da ƙarfen duk daga gona ɗaya muka gudo. Muka gaisa, na faɗi wanda ya turo ni, ya yi murna da jin abokinsa na nan lafiya. Sai na lura duk gizagon da ke rataye ba ko ɗaya mai ƙota, bakuna ne zalla a zare da waya. Na tambaya, ya ce shi ba ya sa ƙota sai ya ga saran mutum, haka ya tarar ubansa yana yi. Yana da wasu 'yan na gwaji masu ƙota, da wani gungumen bagaruwa a gefen rumfa wanda duk mai saye sai ya sare shi a gabansa.

Ya miƙo mini na farko. Na karɓa da hannu biyu, na gyara tsayuwa irin ta usta, na fara sara da dama. Ya zuba mini idonsa mai gani. Ya karɓa ya ba ni wani mara nauyi, na sara. Ya ba ni mai gajeriyar ƙota, na sara. Duk ɗaya, bakin yana tsalle, yana cizon itacen a inda ban nufa ba. Zufa ta karyo mini, ba ta zafi kaɗai ba. A raina na ce shi ke nan, na zo ƙarshen hanya, in gizagon Mafaza ma ya ƙi ni to ni ne ba ni da rabo a sana'ar nan. Tsohon ya sosa gemu, ya ce in ci gaba da gwadawa, bari ya zagaya baya ya ba jakinsa ruwa.

Da ya ɓace bayan zana sai na ji kafaɗata ta dama tana zafi kamar an ɗora mata garwashi. Ba da wata niyya ba, don in huta kawai, na mayar da gizagon hagu. Na duba gabas na duba yamma, ba mai kallona sai wata akuya. Na kai sara ɗaya don huce haushi. Bakin ya shiga itacen ya fito da ɓawo siriri mai tsawo, ya nannaɗe ya faɗi a ƙafata. Na sake, wani ya bi bayansa. Kafin in ankara na manta da inda nake, hannuna yana tafiya da kansa, gefen gungumen yana fitowa sumul kamar an goge. Rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina tsakiyar riɗi da laujena, kuma wallahi har wata 'yar waƙa na fara yi a hanci.

Motsin zana na ji, na yi maza na mayar da gizagon dama kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Tsohon ya fito yana goge hannu a riga, yana waige-waige.

“Wa ya zo nan bayan na fita?”

Na ce ba kowa, Baba, ni kaɗai ne.

“A'a, ya zol, bawan Allah. Wanda na bari yana sara kamar mai kashe kunama. Wanda na ji daga baya kuwa masassaƙi ne. Kunnena bai tsufa ba.”

Ya sunkuya ya ɗauki ɓawon nan mai tsawo, ya shafa gefen gungumen, ya dubi ta inda saran ya kwanta. Sai ya dubi hannayena biyu, ya kama na hagun ya juya tafin, ya ga kantar lauje. Kunya ta rufe ni, na fara ba shi haƙuri ina cewa malesh, ban yi don rashin ladabi ba. Ya yi dariya har da tari.

“Malesh a kan me? Ci da dama, gaisa da dama, wannan haƙƙin mutane ne. Amma itace ba surukinka ba ne da za ka ji kunyarsa. Yalla, sara in gani.”

Na sara a gabansa da hagu. Wannan ne karo na farko tun ina yaro da na yi aiki da hannun nan a gaban babba ba a ce in sauya ba. Ya sa na yi ta yi yana zagaya ni, yana kallon gwiwar hannuna da yadda nake karkata. Sannan ya shiga cikin tarin rassan aduwa da ya busar, ya yi ta zaɓe yana yarwa, har ya samo wani mai 'yar lanƙwasa. Ya ce wannan ya daɗe a wurinsa ba mai so, don ya karkata ta inda na-dama ba sa so. Ya auna shi daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ya yanke, ya zaɓi baki matsakaici ya mayar wuta, ya ɗan kwantar da kusurwa ɗaya a kan uwar maƙera, ya wasa, ya sa ƙota. Kafin ya gama an kawo masa kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa daga gida, ya ce in sa hannu. Muna ci ya dube ni ta wutsiyar ido ya ce to yanzu kuma da dama, muka yi dariya mu biyu.

A hanyar dawowa na rungume gizagon a ƙirji kamar jariri, ina murna ina fargaba. Maƙeri baƙo ne, na bar shi a Mafaza. Usta kuwa abokin ubana ne, ya san Inna, ya san gidanmu. Washegari na isa rumfa da wuri, na zaɓi itace, na tsaya ina jujjuya gizagon daga wannan hannu zuwa wancan. Ɗan'uwan matarsa na zaune a kan benci, usta na tsaye dab da haguna yana fere ƙafar angarib. Na tuna fuskar 'yata a bayan zanen uwarta, na yi bisimilla na kai sara da hagu.

Usta ya dakata. Na ji idonsa a kaina amma ban ɗago ba, na ci gaba har na gama ƙafa ɗaya na ajiye. Ya ɗauka ya jujjuya yadda ya saba, ni kuma ina satar kallon tarin itacen wuta. Bai jefa ta can ba, ya ajiye ta a gabana. Sai ya tambaye ni a hankali tun yaushe nake bahago, na ce tun haihuwa. Ya girgiza kai ya ce damina guda na sa shi yana tuhumar kansa ko ya manta yadda ake koyarwa, ga itacensa da na mayar makamashi. Wannan ce doguwar maganar da na taɓa ji ya yi a lokaci ɗaya.

A cikin kwanakin da suka rage na fere sauran ƙafafun, na huda ramuka na haɗa, na saƙa igiya. Ranar da na gama, usta ya ɗora bambar a kan daɓen siminti na shagon maƙwabcinmu, don ƙasar rumfa tana iya rufa wa mutum asiri. Ya danna wannan kusurwa, ya danna waccan, ya hau ya zauna ya yi lilo da jikinsa. Ba ta motsa ba. Ya tashi bai ce ta yi kyau ba, shi ba ya faɗin haka. Ya nuna ƙarshen rumfa ta hannun hagunsa ya ce, “Kwashe kayanka ka koma can, kada gizagonka da nawa su riƙa karo. Halas, shi ke nan, nan ne wurinka.”

Da motocin mashru suka zo, ina tsaye a bakin rumfa da ɓawon itace a gashina na ɗaga wa abokaina hannu. Ɗan'uwan matar usta bai riƙe ni a zuci ba, daga baya ya samu wuri wajen masu yin ƙofofi, har yau muna shan shayi tare.

Bambar ta farko Inna na kai wa. Na ajiye a gabanta ina sunkuyar da kai, na faɗa mata da hannun da na yi ta, don gara ta ji a bakina. Ta daɗe tana shafa ƙafafun da tafinta. Sannan ta kamo hannuna na hagu, wanda ta sha naɗewa da zane, ta riƙe shi cikin nata biyu ta ce, “Ashe abincinka a nan Allah ya ajiye, ni kuma ina ta ɗaure shi.” Na ce ai ita ta koya wa ɗayan ladabi, yanzu ga shi ina da hannu biyu masu amfani. Ta yi dariya tana share ido, ta hau kujerar ta zauna, kuma a kanta take tuƙa tuwo har ƙarfinta ya ƙare.

Maƙerin ya riga mu gidan gaskiya, usta ma haka, rumfar tana hannuna yanzu. An sake wa gizagon baki, amma ƙotar aduwar nan tana nan, ta yi baƙi ta yi sulɓi. Da yamma nakan rataye shi in tafi gida a ƙafa, jikoki su tare ni a bakin ƙofa, ba mai gudu bayan uwarsa.

Abin da ranar ta koya mini shi nake faɗa wa samarin da ke tambaya. Kayan kirki suna nan a shago, suna nan a wajen masu tsofaffin ƙarafa, suna nan a maƙera, ni ma na ga masu kyau a duk wuraren. Amma ka saya a inda mai sayarwa zai bar ka ka sari itace a gabansa, ya kalli hannunka kafin ya kalli aljihunka. Kai kuma in ka je, kada ka ɓoye masa hannun da Allah ya ba ka. Sai in miƙa wa saurayin gizago in nuna masa gungumen da ke gefen rumfa, in ce ya fara, ni zan ɗan zagaya baya in dawo.